Wankan daji zai iya sauke wa Baba hawan jini da ciwon suga?

Tambaya: Likita, mahaifina ya haura shekara 70, a Maradi muke zaune. Yana da hawan jini da ciwon suga, shekara takwas ke nan yana kan magani. Tun da ya sakar mana shago ya daina zuwa kasuwa, daga ɗaki sai masallaci sai zaure. Na ga wani bidiyo a waya ana cewa a Japan likitoci na tura tsofaffi cikin daji, wai suga da tansiyo su sauka. Ina tunanin in riƙa kai shi wajen Madarunfa ko dajin Baban Rafi, ko Allah zai sa ya huta da ƙwayoyin nan. Mahaifiyata ma tana fama da gwiwa da tari. Gaskiya ne, ko zancen waya ne kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da wannan kula, ya ba Baba da Inna lafiya. Abin da ka gani yana da tushe, sai dai masu bidiyon sun zuba masa gishiri. Fita cikin itatuwa za ta amfani Baba, kuma ina ba ka shawarar ka fara. Amma tun kafin mu yi nisa ka riƙe wannan: kada a rage ƙwaya ko rabi saboda an fara fita. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Galibin tsofaffin da ake kawo mana ɓarin jiki ya shanye, in ka bi labarin, za ka tarar sun ajiye magani ne a daidai lokacin da suka ji jiki ya yi daɗi.

Japanawa suna kiran abin shinrin-yoku, wato wankan daji. Hukumar gandun daji ta ƙasarsu ce ta raɗa sunan a 1982, lokacin da mutanen biranensu suka dulmuya cikin aiki ba dare ba rana. Ba ruwa a cikin wankan. Mutum ne zai shiga cikin itatuwa ya yi tafiya a hankali, ya tsaya, ya zauna, ya saurara, ya shaƙi iska, ba ya sauri ba ya neman isa ko'ina. Ni in ina magana da tsofaffi ba na ma ambaton daji, domin da ka ce "daji" a ɗakin likita sai ka ga fuskar mutum ta canza, ya ɗauka ciwon daji aka gano masa. Shan iska nake cewa, kowa ya san shi.

Bari in gaya maka abin da aka auna, don ka san nauyin maganar. A 2010 masu bincike na jami'ar Chiba suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a dazuzzuka 24 da mutum 280. Kowa ya yi ɗan zama da ɗan tafiya a daji, wata rana kuma ya yi irinsa a tsakiyar birni. A daji bugun zuciya ya fi natsuwa, awon jini ya fi ƙasa, sinadarin kotizol da jiki ke fitarwa lokacin damuwa ya ragu a cikin yawu. Amma samari ne ƴan jami'a aka gwada, ba sa'o'in Baba ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na ƙasar Sin a 2012: tsofaffi 24 masu hawan jini, aka raba su biyu, rabi suka yi kwana bakwai a daji, rabi a birnin Hangzhou. Na daji jininsu ya fi sauka. An yi irin waɗannan ƙananan gwaje-gwaje a can da tsofaffi masu gazawar zuciya da masu toshewar huhu, aka ga alamun sauƙi a gwajin jininsu.

Na ciwon suga kuwa shi ne wanda masu bidiyo suka fi so. A 1998 wani likita a Hokkaido ta ƙasar Japan ya ba da rahoton majinyata 87 da aka riƙa fita da su tafiyar kilomita 3 ko 6 cikin daji. Kafin tafiya sugansu yana wajen gram 1,79, irin lissafin da muke gani a takardar awo a nan, bayan tafiya ya koma 1,08. Saukar tana da yawa, ba musu. To amma duk mai ciwon suga da ya taka kilomita 3, ko daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa ne a kan kwalta, sugansa zai sauka, domin tsoka in tana aiki zuƙar suga take daga jini ko da insulin ya yi ƙaranci. A ganina rabon ƙafa a wannan sakamakon ya fi rabon itace.

Akwai kuma zancen ƙamshin itatuwa. Wani likita a Tokyo, Qing Li, ya kai ma'aikata 12 daji na kwana uku, ya tarar ƙarfin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ya ƙaru da kusan rabi, kuma ƙarin bai gushe ba har bayan sati guda. Ya danganta hakan da man ƙamshi da itatuwa ke saki cikin iska. Aiki ne mai ban sha'awa, amma mutum 12 ne, kuma itatuwan irin na ƙasar sanyi ne. Daga nan ne wasu suke yin tsalle su ce daji na maganin sankara. Binciken bai faɗi haka ba, kada ka yarda a sayar maka da wannan.

Da aka tattara gwaje-gwaje 20 wuri guda a 2017, bambancin awon jini na sama tsakanin daji da birni ya tsaya wajen milimita 3. Mu a nan da santimita muke faɗa, muna cewa tansiyo 14 ko 16. Ka ga ke nan milimita 3 ba ta kai rabin maki ba. Mai 16 ba zai koma 13 don ya zauna gindin gawo ba. Ƙwayar hawan jini guda ɗaya, in an sha ta daidai, takan sauke kusan maki guda. Tafiyar ƙafa ta yau da kullum, in ta ɗore watanni, takan sauke rabin maki ko fiye. Rage gishiri da dunƙulen miya shi ma yana da nasa kason. Waɗannan haɗuwa suke yi su taru, kamar yadda ake tara dala-dala ta zama jika, amma ba wadda ke maye gurbin wata.

To me ya sa duk da haka nake cewa ka fita da shi? Saboda layin da ya fi tsaya mini a rai cikin tambayarka ba na suga ba ne. Shi ne "daga ɗaki sai masallaci sai zaure". Na ga wannan sau ba adadi a Maradi. Alhaji ya yi shekara arba'in yana tashi da asuba, yana bin motar kaya, yana ciniki da mutum ɗari a yini. Ran da ƴaƴa suka ce "Baba ka huta", da kyakkyawar niyya, ran nan ƙafa ta fara mutuwa. Cinya ta saki, tashi daga tabarma sai da dafa bango, barcin dare ya watse saboda an yi gyangyaɗi yini guda, abinci ya daina daɗi, magana ta ragu. Abokai kuma ana ta raka su maƙabarta ɗaya bayan ɗaya. Tsoho ba zai ce maka yana cikin ƙunci ba, sai dai ya ce jiki ne ba daɗi. Wannan halin yana tayar da jini, yana hana suga daidaita, kuma ba ƙwayar da ke cikin farmasi da za ta taɓa shi.

Jikinmu yana da jijiyoyi iri biyu masu aiki ba da saninmu ba. Akwai na ko-ta-kwana, masu saurin bugun zuciya da matse hanyoyin jini, akwai na hutu masu sassautawa. Hon ɗin kabu-kabu, zafin ɗakin kwano, labarin rediyo, lissafin kuɗin cefane, duk suna riƙe na farkon a tashe. Wuri mai inuwa da shiru, inda ido ke iya miƙewa nesa, yana ba na biyun dama. Ka haɗa da motsin ƙafa, da hasken safiya da ke daidaita lokacin barci, da hira da wanda ya rako shi. Abin da ake samu ke nan. A Ingila an tambayi mutum kusan 20,000, aka wallafa a 2019 cewa waɗanda ke samun aƙalla minti 120 a sati cikin itatuwa ko fili sun fi ba da labarin jin daɗin jiki da na rai, har da tsofaffi da masu daɗaɗɗiyar cuta, kuma ba bambanci ko a fita ɗaya aka yi awa biyun ko a rarrabe. Wannan adadin ya dace da mu: minti 20 sau shida.

Yanzu maganar wuri. Ka bar Baban Rafi. Kai ma ka san halin da yankin kan iyaka ke ciki, kuma ba hikima ba ce a ɗauki dattijo mai ciwon suga a kai shi inda in wani abu ya taso asibiti ya yi nisa. Tafkin Madarunfa yana da kyau, a je sau ɗaya lokacin sanyi a matsayin yawon buɗe ido da jikoki, a dawo da kifi. Amma abin da ake zuwa sau ɗaya a wata uku ba shi ke gyara jini ba. Wurin da zai yi aiki shi ne wanda Baba zai iya zuwa sau huɗu ko biyar a sati ba tare da an yi shiri kamar na tafiya Makka ba.

Kuma muna da su. Gangaren Gulbin Maradi yana nan ƙasan gari da garakensa na mangwaro da gwaiba da zogala, har ka bi ta wajen Jiratawa ko ka nufi Tibiri. A cikin kwarin nan tsohon garin yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hauro tudu, saboda haka ga dattijon Maradi sauka gulbi ba baƙon wuri ba ne, labarin iyayensa ne. Ka nemi mai garka da kuka saba, ka roƙi izinin Baba ya riƙa zuwa da safe. Ban taɓa jin wanda ya hana dattijo inuwa ba. In gulbi ya yi muku nisa, layin bedi mai kauri inda motoci ba su cika bi ba ya wadatar, ko harabar makaranta ranar da ba karatu.

In kuna da gona a bayan gari, ita ce ta fi duka. Mu mutanen jihar Maradi muna zaune cikin wani irin daji da ba mu kira shi daji. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 gonakinmu sun zama fili fetal. A nan ne, tun 1983, wani ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoma suka fara abin da muke kira sassabin zamani: maimakon a sare tohon kututture, a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bar su su tashi. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, mafi yawa tsakanin Maradi da Damagaram. Gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Gawo kuwa kamar don tsofaffi aka halicce shi, domin da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin kore shar, lokacin da ake neman inuwa ido rufe.

Lokacin fita ya fi wurin fita muhimmanci, domin a nan ne namu ya sha bamban da na Japan. Su sanyi da danshi suke shiga. Mu a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kuma jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, ba ya zufa yadda ya kamata. In Baba yana shan ƙwayar sa fitsari, irin su furosemid, ruwan jikinsa zai fi saurin ƙarewa. Da bazara, bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, a fita a dawo kafin ƙarfe takwas, shi ke nan. Ran da aka tashi da zafi tun asuba a haƙura. Kakanninmu da suka hana zama gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana sun ba da nasu dalilin, ni kuma ina da nawa, amma hukuncinmu ɗaya. Daga kaka zuwa ƙarshen sanyi ne lokaci mafi daɗi, sai dai ran da hazo ya rufe gari har ba a ganin ƙarshen layi, mai ciwon huhu ko zuciya ya zauna gida. Da sanyi kuma a jira hantsi, domin sanyin asuba yana matse hanyoyin jini ya ɗaga tansiyo. Da damina a kiyayi gulbi in ruwa ya zo, a kiyayi doguwar ciyawa saboda maciji, a baro wurin kafin magariba saboda sauro. Zazzaɓin cizon sauro ga mai ciwon suga yana birkita komai.

Abu biyu nake tsoro ga Baba musamman, kuma a kansu zan daɗe.

Na farko faɗuwar suga. Ka duba kwalin maganinsa. In metformin ce kaɗai, haɗarin kaɗan ne. In akwai glibenclamid, wadda mutane suka fi sani da Daonil, ko yana allurar insulin, to kada ya taɓa fita da ciki wayam bayan ya sha magani. Ya karya tukuna, ko ɗan koko ne marar suga da ƙosai biyu. A aljihun ɗan rakiya a sa dunƙulen sugan shayi uku ko dabino uku. In ka ga zufa mai sanyi ta karyo masa, hannu na rawa, ya ce yunwa ko idonsa na duhu, ko ya fara magana ba kan gado ko faɗa ba dalili, zaunar da shi ka ba shi sugan nan take, ka jira minti 15. In bai dawo daidai ba ka ƙara, ku nufi asibiti. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki. Da azumi, mai shan waɗannan magunguna ya bar tafiyar safe gaba ɗaya sai ya yi magana da likitansa.

Na biyu ƙafa. Shekara takwas da ciwon suga sun isa su kashe jin tafin ƙafa ba tare da mutum ya sani ba. An taɓa kawo mini wani dattijo manomi, ƙafa ta kumbura tana wari. Da na juya tafin sai ga ƙayar aduwa ta shige ta ƙasan silifa, tsawonta ya kai gaɓar yatsa, ta karye a ciki. Na tambaye shi yaushe ya taka. Ya dube ni ya ce, "Likita, wace ƙaya?" Kwana nawa tana ciki, shi kansa bai sani ba. Mun yi sati shida muna wanki kafin muka tsira da ƙafar, yatsa ɗaya kuwa bai tsira ba. Dajinmu na ƙaya ne: aduwa, magarya, gawon kansa, ga ƙarangiya da tsidau a ƙasa. Saboda haka silifa da takalmin fata mai buɗaɗɗen baki ba su shiga wannan tafiya. A sayo masa kambas mai faɗin gaba da kaurin ƙasa, da yamma za a gwada lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a sa da safa ta auduga. Kafin ya sa, a zazzage takalmin a zura hannu ciki. Bayan an dawo, wani mai ido ya duba tafin da tsakanin yatsu, kullum, ba ranar da aka tuna ba. Ɗan ja ko ƙaramin bororo da bai warke cikin kwana biyu ba, a kawo a gani. Kada a ɗaure da ganye ko a shafa toka.

Yadda za a fara kuwa, da kaɗan. Satin farko minti goma na tafiya, sannan a shimfiɗa darduma ko a ajiye ƴar kujera a zauna minti goma sha biyar. Duk sati a ƙara minti biyar har a kai rabin awa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so tsoho ya samu minti 150 na motsa jiki a sati, amma wanda ya shekara biyu a zaure ba a ranar farko zai kai ba, kuma minti goman ma riba ce. Ma'aunin sauri mai sauƙi ne: in yana iya hira yana tafiya, daidai ne, in magana na yankewa, a sassauta. Ya riƙe sanda, ko yana ganin bai kai ba, saboda rairayi da kunyoyin gona suna kayar da mutum, karayar ƙugu kuwa ga ɗan shekara 70 babbar musiba ce. In zai tashi daga zaune ya yi a hankali, ya ɗan tsaya kafin ya taka, domin maganin hawan jini yana kawo jiri a wannan gaɓar. A tafi da gorar ruwa. Kafin ranar farko a je a auna shi. In tansiyo ya kai 18 a sama ko 11 a ƙasa, ba tafiya sai an sauke shi. Ciwon ƙirji ko nauyi kamar an ɗora dutse, numfashi ya ƙi, baki ya karkace, hannu ya yi sanyi ya saki, magana ta sarƙe: ko ɗaya daga cikinsu aka gani, asibiti kai tsaye, ba gida ba.

Mai wuyar ita ce shawo kansa. Alhajin Maradi ba ya yawo haka kawai. In ya fita ba dalili, kafin ya wuce layi uku an tare shi sau goma ana "Alhaji lafiya? Ina mota?" Kuma in ka ce masa likita ya ce ya riƙa motsa jiki, zai ce an mai da shi yaro. Kada ka kira shi magani. Ka ce, "Baba, gonar nan ina so ka zo ka gane mini iyakarta, ban yarda da yadda aka yi sassaben bana ba." Ka tambaye shi wane itace za a bari, wane za a cire. Ka ɗauko jika ɗaya, wanda bai san kalgo daga sabara ba, ka bar kakan ya koya masa. Wani ɗan kasuwa da nake dubawa, ƴaƴansa sun yi ta fama ya ƙi fita, sai da ƙaramin ya sayi tumaki biyu ya ajiye a garka ya ce ba wanda ya iya duba su sai Baba. Yanzu shi ke tayar da yaron da asuba. In akwai tsohon abokinsa mai irin ciwon, ku haɗa su, za su fi jin kunyar saɓa wa juna alkawari fiye da saɓa maka.

In an isa an zauna, a kashe rediyo, kai ma ka mai da wayarka aljihu. Casbi ba ya hana komai, ambaton Allah a gindin itace da sanyin safiya yana cikin mafi kyawun natsuwar da na sani. Ba sai an koya wa Baba yadda ake sauraron kukan kurciya ba. Abin da za ka sa wa ido shi ne kada fitar ta rikiɗe ta zama neman sassaƙe. Tsofaffinmu in sun ga itace hannu na ƙaiƙayi: wannan ɓawon na suga ne, wancan saiwar ta hawan jini ce. Ƙodar mai ciwon suga da hawan jini tana ɗauke da kaya biyu tun asali, jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba na iya zama na uku, kuma wani yana haɗuwa da ƙwaya ya faɗar da suga ƙasa warwas. Zogala a kwaɗo ko a miya abinci ce, a ci. Jiƙo da tsimi a bari.

Sai Inna, wadda ka ambata a layi ɗaya, kamar yadda aka saba yi wa iyaye mata. Tarin nan shi ne farko. In ya wuce sati biyu a kai ta a gwada majina, don a tabbatar ba tarin tibi ba ne, maganinsa kyauta ne a ƙasar nan. In ba shi ba ne, a tuna matar da ta yi shekara hamsin a bakin murhun itace ta shaƙi hayaƙin da ya kai na mai shan taba, huhunta na buƙatar a duba shi. A fitar da murhu fili, a ɗauke mata girki. In an ba ta abin shaƙa irin Ventoline, ya zauna cikin jakarta duk inda za ta. Gwiwa kuwa zama ne ke ƙara sandarar da ita. Tafiya gajera a ƙasa mai laushi, kullum, ta fi hutu, kuma ta fi ƙwayoyin kashe ciwo na ƴan tebur, waɗanda ke cin ciki, su ɗaga jini, su taɓa ƙoda. Na san fitar mace dattijuwa zuwa garka ba kowane gida ne zai yi sauƙi ba, amma tafiya da ƴa ko suruka a je a tsinko zogala dalili ne da ba mai ɗaga gira a kansa.

Ranar da fita ba ta yiwu ba, itacen tsakar gida ma yana da nasa. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya duba takardun majinyata 46 da aka yi wa tiyatar madaciya. Waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bango barin asibiti, kuma sun fi ƙarancin neman allurar kashe ciwo mai ƙarfi. Nakan tuna da wannan duk lokacin da na shiga sabon gida a unguwar Ali Ɗan Sofo na ga an sare bedi an malale tsakar gida da siminti. In gidanku akwai itace, a mai da tabarmar Inna da kujerar Baba ƙarƙashinsa. In babu, damina mai zuwa a dasa, bedi ba ya daɗewa bai ba da inuwa ba.

Ka sayi ƙaramin littafi na dala ashirin. Duk ranar da aka fita a rubuta minti nawa. Sau biyu a sati a auna tansiyo da safe, yana zaune ya huta minti biyar, kafin ya sha shayi ko ya ci goro. Suga kuma yadda likitansa ya tsara. A gefe ka riƙa sa kalma ɗaya kan barcin daren jiya da cin abinci, domin a nan za ka fara ganin canji, tun kafin lambobi su motsa. Bayan wata uku ku je da littafin wurin mai duba shi, tare da dukan kwalayen magani a leda, har da waɗanda aka saya ba da takarda ba. In awon ya sauka har Baba ya fara jin jiri in ya miƙe, kada ku jira wata ukun, ku je a satin. Likitan ne zai ga ko akwai ƙwayar da za a rage, da wacce, da nawa.